Motata a Cikin Shinkafar Mutane

Nguru, daren Talata

Gobe 'yata Falmata za ta kare aikinta na ƙarshe a gaban malaman jami'a a Gashua, ga ta da in'ina idan tsoro ya kama ta. Tun safe ta ƙi abinci. Na ce ta mai da ni farfesa ta gwada a kaina, ni da bokona ya ƙare a aji shida. Na ari tabaran uwarta na harɗe a tabarma.

Ta ce tauraron ɗan'adam yana harbo igiyar rediyo ƙasa ya saurari dawowarta, ko da dare ko da hadari. Abin da ke tsaye yakan fito a wurinsa. Mota mai tafiya kuwa, sai hoton ya gusar da ita gefen titi, kuma da wannan gocewar ake gane gudunta.

Na ce, "To 'yar nan, ke nan a idon na'urar, ni da a-kori-kurata kullum ta cikin shinkafar mutane muke zuwa Gashua? Wa zai biya ɓarna?"

"Haba Baba!" Ta yi dariya har da hawaye, ta jawo faifai da cokali ta shiga nuna mini tiryan-tiryan. Ko sau ɗaya harshenta bai sarƙe ba. Ba ta lura ba.

"Ka gane, Baba?"

Na ce sarai. Allah na tuba, rabi ya wuce ni.

Ta cinye tuwonta, har ta nemi ƙari. Gobe ba lodi. Ita kaɗai zan ɗauka, a gidan gaba.