Gashin Raihanatu a Ramin Katanga

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Raihanatu ta zo yau a yi mata tsifa da sabon kitso. Ƙawata ce tun muna 'yan makaranta a lakwal, kuma shekara tara ke nan ba hannun da ke taɓa kanta sai nawa. Ina tsifa muna ta hira, sai kibiyar kitso ta zame mini a bayan kunnenta na hagu. Na buɗa wurin. Fili ne fetal, zagaye kamar kuɗin dala ashirin, sumul, ba ƙurji ba amosani. Shekara goma sha shida ina kitso a Tsarnawa, ban taɓa ganin irinsa ba.

Na ce, "Ƙawa, kin bugu ga kai?" Ta ce, "Mi kinka gani?" Na haɗa mata madubi biyu ta duba. Ta daɗe tana shafa wurin. Da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne: "Basira, gashina na kitson ƙaramar salla, ina kinka kai shi?"

Kowace makitsiya ta san ƙa'ida: in kin gama, ki dunƙule gashin da ya fita a matsefi ki danƙa wa mai shi a hannu, ta je ta binne abinta, kada ya faɗa hannun mugu. Ban taɓa ketare wannan ba sai ranar nan. Ina ɗaure jelar ƙarshe aka kira ta a waya, motar mijinta Sha'ibu ta kife da albasa wajen Badaguishiri. Ta fita da takalmi ɗaya. Wa ke tuna gashi?

Yau ma ba ta bari na yi kitson ba. Ta ɗaura kallabi ta tafi.

Talata, 7 ga Mayu

Na tuna. Ranar nan na tusa gashin a ramin katangar bayan madafa, inda nake sa nawa da na ɗiyata Humaira. Na je na zaro. Dunƙule guda ne, duk ya cakuɗe da ƙasa da saƙar gizo. Wanne ne na wa? Gashi baƙi ne, ba a rubuta masa suna.

Na ƙulle shi a tsumma. Gobe ko jibi zan kai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Da na sani ban kai ba.

Hajiya Takama, uwar Sha'ibu, ita ta tare ni a zaure. Ban gama gaisuwa ba ta miƙo hannu. Ta kwance tsumman, ta juya shi da tsinke kamar mushe. Ta ce, "Wata guda shina hannunki. Cikin katanga. Mi yah hana ki aiko shi?" Na ce, "Wallahi Hajiya mantuwa ta." Ta ce, "Ɗana ya karye ƙahwa, matatai kai na cinyewa, ke kau kina aje da gashinta cikin rame. Ke hwaɗa mini, in ke ta, mi za ki ce?"

Abin haushin, in ni ce, ban san me zan ce ba.

Raihanatu tana ɗaki, na ga labule ya motsa. Ba ta fito ba. Wannan ya fi maganar tsohuwar ciwo. Ni da muka ci ƙwarya ɗaya, ni da na kwana uku a kanta lokacin haihuwar fari. Na dawo ina tafiya ina magana ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya.

Asabar, 11 ga Mayu

Asabar guda, ba wadda ta zo. Tabarma a shimfiɗe har la'asar.

Laraba, 15 ga Mayu

Maganar ta zaga gari. A bakin famfo mata biyu sun gyara kallabi da suka hango ni, kamar da ido zan tsinke musu gashi. Matar Inusa mai shayi ta aiko wai ta fasa kitson suna, kanta na ciwo. Amma da yamma na gan ta da sabon shuku.

Maigida Abarshi ya ce in kwantar da hankali, bakin mutane ruwan sama ne, yana ɗaukewa. Ya cire hula ya sunkuyo mini da kansa: "To ni wa yay yi ma sammu? Dubi nan, ko ƙuda sai ya zame." Na yi dariya ban so ba. Sanƙonsa na gado ne, babansa haka, kakansa haka, tun yana da shekara talatin ya fara daga goshi ya haɗe da tsakiya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa wa ya riƙe masa gashi. Namiji ya yi sanƙo, a ce arziki ne. Mace ta rasa na dala ashirin, sai a nemo wadda za a rataya wa.

Duk da haka na tafasa ruwa na zuba matsefai da kibiyoyi gaba ɗaya. In makero ne fa? In daga kan wata na ɗauko na sa wa Raihanatu? Ban gaya wa kowa wannan tunanin ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Fili na biyu ya fito wa Raihanatu a ƙeya, haka na ji.

Hajiya Takama ta aiko ƙanen mijinta wurin Abarshi. Wai ranar Juma'a ta sama in zo gaban liman in dafa Alƙur'ani. In na ƙi, su san abin da suka sani.

Zan dafa. Ban yi komai ba, me zai ci ni? Amma na san garin nan. Mace in ta taɓa tsayawa rantsuwa a kan gashin wata, ko ta fita fes, sunanta ya zama "wadda aka rantsar". Wa za ta sake kwantar da kanta a cinyata? Babbar salla saura wata guda. Kitso ba hannu kaɗai ba ne, yarda ce. Mace ta ba ki ƙeyarta, inda ita kanta ba ta gani.

Ban ci tuwo ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na aika musu da tawa amsar. Zan rantse, amma sai an fara kai Raihanatu gidan likita a Konni, da ni, da Hajiya. Abarshi ya ce na cika taurin kai. Na ce da shi aka haife ni.

Asabar, 25 ga Mayu

Sun yarda. Sha'ibu ne ya sa baki daga kan gadonsa. Allah ya ba shi lafiya.

Litinin, 27 ga Mayu

Mun je. A mota Hajiya ta zauna a tsakiyarmu kamar katanga.

Wadda ta duba ta ana ce mata Madam Surayya, doguwa, mai gilashi, ba ta da wasa. Raihanatu ta tsaya nuƙu-nuƙu da kallabi, Madam ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kware." Ta haska wurin da fitila, ta ja gashin gefe a hankali, ta duba farce, ta ja fatar ido ta leƙa. Ta yi tambayoyi: yaushe ta haihu, ta yi zazzaɓi mai tsanani, tana cin abinci, wani tashin hankali ya same ta kwanan nan? A nan Raihanatu ta fashe da kuka.

Madam ta ce zubewar gashi ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gado irin ta maza, mata ma na yi, sai dai su tsakiyar kai ke yin shara-shara. Akwai wadda ke zuwa bayan haihuwa ko ciwo ko ƙarancin jini, kai duka ke zuba, kuma yana dawowa. Makero kuwa yana da ɓawo da ƙaiƙayi, ya fi kama yara, ana ɗauka a matsefi. Ta ce wannan ba shi ba ne. Wannan jiki ne da kansa ke kuskure, abin da ke tsare shi daga cuta ya juya kan saiwar gashi. Wani lokaci bayan babbar damuwa, wani lokaci haka kawai. Ba a ɗauka, ba a sa wa mutum. Sau da yawa yana tsirowa cikin watanni.

Hajiya ta ce, "To in wani ya riƙe gashin mutum hwa?" Madam ta ce, "Inna, gashin da yah hita ya mutu. Ko buhu anka cika da shi, ba shi kiran na bisa kai." Hajiya ta taɓe baki ta ce likita ba ya ganin komai da komai. Amma ta tashi ta fita kiran ɗanta a waya, kuma na ga kafaɗunta sun sauka.

Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa. Har na fara gyara mayafi. Sai Madam ta tura kan Raihanatu baya, ta bi gaban goshinta da yatsa daga kunne zuwa kunne. Ta ce, "Wancan ba laihin kowa ba ne. Amma wanga, wa ka yi miki kitso?"



Madam ta ƙara da cewa gashin gaba ya ja baya kusan yatsa biyu, ga ƙananan ƙuraje, ga wurin da ya yi sheƙi. Jan kitso ne, shekara da shekaru. Inda bai daɗe ba zai dawo in an sassauta, inda ya yi sheƙi saiwar ta mutu, sai haƙuri.

Raihanatu ba ta dube ni ba. Ta ce, "Duk inda na samu nika yi, Madam."

Talata, 28 ga Mayu

Ita Madam ɗin me ta sani game da kitso? Kanta ma hular gashi ce, na gani. Mata ke cewa in ja. "Basira, matse shi, shi kai wata biyu." In na sassauta su ce na yi ha'inci. Haka gwaggota ta koya mini, haka aka koya mata. Kitson da bai hana mace barci ranar farko ba, ai ba a yi shi ba.

Kuma goshin Raihanatu tun asali mai faɗi ne.

Juma'a, 31 ga Mayu

Ba a aiko ba, ba a yi rantsuwa ba. Ba kuma wanda ya zo ya ce yi haƙuri. Ban sa rai ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na shiga uku da kallon goshin mutane. A wurin suna yau, kowa na kallon zannuwa, ni ina leƙen ƙasan kallabi. Na ƙirga bakwai da nake yi wa kitso. Biyar gaban ya cinye. Na ce a raina ai na wasu makitsan ma haka ne, na duba, haka ne ɗin. Bai sanyaya mini rai ba.

Da muka dawo na ce wa Humaira ta zo in tsefe mata kitson lakwal. Shekararta goma sha huɗu, tun tana da uku nake mata. Na tura kanta baya kamar yadda Madam ta yi. Ban san lokacin da hannuna ya tsaya ba. Ta ce, "Inna, lahiya?" Na tambaye ta ko yana mata zafi in na yi. Ta yi dariya ta ce, "Kullum. Ina shan magani in kwanta bisa ciki. Ke kinka ce kyau sai da wuya."

Ni na ce. Na tuna ranar ma.

Laifi tudu ne. Wata guda ina kuka an ɗora mini abin da ban yi ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Mutum uku suka zo kitso yau. An ce wasu fararen gashi ƙanana sun fara fitowa a bayan kunnen Raihanatu, kuma Hajiya na cewa rubutun da ta karɓo ne ya ci. To. Ya ci ɗin.

Juma'a, 14 ga Yuni

Kitson salla. Tun hantsi tsakar gida a cike, ba kamar bara ba, amma a cike. Matar Inusa ma ta dawo, ba kunya, na yi kamar ban san komai ba.

Raihanatu ta shigo bayan azahar. Ta zauna a layi kamar kowa. Da aka zo kanta ta kwantar da kai a cinyata. Na yi mata manya guda shida, na karkata tsagar ta rufe wuraren nan, na bar na gaban goshi ban kama ba, na shafe shi da man kaɗe. Mun yi maganar tsadar raguna.

Matar Inusa ta shafa nata shukun ta ɓata fuska. Ta ce, "Basira, wanga ko sati biyu ba shi kaiwa. Ina hannun nan naki?" Na ce wuyan hannuna ke ciwo kwana biyu, tsufa ne. Ta ce Allah shi sawwaƙe, in sha magani kafin bikin ƙanwarta. Na ce amin.

Humaira ta dube ni daga bakin madafa. Ta san da hannun nan na daka gero tiya biyu da safe.