Wanda Kaka Jevrem Ya Harbe a Kogi

Zuwa ga 'yata Smiljana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Allah ya sauke ki lafiya, ya kiyaye mijinki Lazo a ramin kwal ɗin nan na Amurka. Mu nan kalau, sai gwiwata da ta sa ni gaba, ko da yake innarki Draginja ta ce ba gwiwa ba ce, lalaci ne.

Kin ce in namiji ne za a sa masa sunan kakana Jevrem, in kuma rubuto miki tarihinsa. Wata biyu wasiƙarki na cikin aljihuna, kunya ta hana ni amsawa. Abin da kika sani gaskiya ne: ya tsallako kogin Una da shanu biyu da matarsa Stanija, sarki ya ba shi gona bisa sharaɗin gidanmu ba zai rasa soja ba. Ya sare daji, ya yi shekara talatin yana gadin iyaka a hasumiyar katako. Amma ɗan fashin da ya harbe, wanda nake ba ku labarinsa duk ranar bikin waliyyin gidanmu kuna shafa bindigarsa da ke rataye a bango, ba ɗan fashi ba ne. Ƙanensa ne Gavrilo, wanda ya baro a hayi.

Shekarar annoba an umarci masu gadi su harbe duk wanda ya tsallako ba ta gidan killacewa ba. Gavrilo ya shigo ruwa da rana tsaka yana cewa, Yaya ni ne fa, lafiyata lau, dube ni. Sau uku kaka ya ce masa ya koma. Wani hafsan soja na tsaye a bayan kaka, kuma sojan da ya ƙi umarni gonarsa ta tafi. Kaka Stanija ce ta gaya mini tana gab da rasuwa, ta ce, kai mai bakin nan, ko sau ɗaya ka yi amfani da shi ka faɗi gaskiya. Ni kuwa sai na ƙirƙiro ɗan fashi, kowace shekara ina ƙara masa tsayi da gashin baki.

Ba na yanke wa kaka hukunci. Ni ma na tsaya a hasumiyar, na ƙoshi da burodin gonar. Amma shi bai taɓa alfahari da ranar ba, ni na yi, har ana tafa mini.

Ina roƙonki, ki sa uban baftismar yaron, tunda shi ke raɗa suna, ya kira shi Gavrilo. Ba shi da kabari, kogi ya tafi da shi, kuma tun ranar ba a sake ambatar sunansa a gidanmu ba.

Ki gai da Lazo da ƙanenki Simo. Draginja na gaishe ki, ta ce ki rage ɗaukar kaya. Jiya na sauke bindigar daga bango, ba ta tambaye ni dalili ba.

Baffanki,
Tanasije