Gwaggo Ta Sami Haƙora

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Wani kwali ya iso yau, wai daga Amurka. Sai da na ga hoton inji a jikinsa na gane kayan Gwaggo ne. Mijina Husaini, Abu Fawaz, ya yi odarsu tun kafin ɓarin jikinsa ya shanye, ashe suna can suna yawon duniya.

Ni na raɗa mata Gwaggo, don ba ta san komai ba sai zama a yi mata hidima. Tsohuwar mota ce a-kori-kura, ja, ƙirar shekarun 1970, da ya ɗora wa ƙaton inji mai silinda takwas. Ta cinye mana garejin gida da duk wata Juma'a ta aurenmu.

Na kai masa kwalin falo. Ya kalla sau ɗaya, ya mai da ido kan talabijin. "Ki haɗa wa Turki da motar," in ji shi. Turki ɗan maƙwabtanmu ne na unguwar Hindawiyya a nan Jidda, tun yana ƙarami yake maitar Gwaggo. An yi magana zai zo ya ɗauke ta kafin wata ya ƙare.

Abin da na daɗe ina roƙo ke nan. Amma mutumin da ya ce a sayar ɗin ba mijina ba ne, wani ne mai kama da shi da ke zaune a kujerarsa. Tsoro nake ji kada ya zauna a kujerar nan har abada.

Litinin, 6 ga Janairu

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, unguwar Bani Malik ta zama kogi. Ƙwallon robar da likitar gashin ƙashi ta ba shi ya riƙa matsawa da hannun dama, na tsince ta a bayan firiji.

Talata, 7 ga Janairu

Na buɗe kwalin, don ni ba a ajiye min abu a rufe. Faya-fayai uku masu ƙyalli kamar tiren amarya, sai wani bel mai faɗin tafin hannu, cikinsa duk haƙora. Babban faifan ya yi min kyau, na ɗora butar shayi a kai na kai masa.

Ya Allah. Rabon da in ji muryar nan tun kafin asibiti.

"Ya Ummu Fawaz, bakarar kirank ce wannan, faifan da ke juya bel! Sauke, sauke."

Na sauke a hankali, ina ta ba da haƙuri, zuciyata kuwa fari ƙal. Ya sa na jera masa su a cinya. Wannan ta ƙasan inji, wannan ta famfon ruwa, ƙaramar ta dinamo mai cajin batir. Bel na gargajiya, in ji shi, santsi yake yi idan an ba inji wuta sosai, shi kuwa wannan cizo yake. Kuma yana fito, wani siririn fito da ake jiyowa tun daga bakin layi.

Na ce, "Duk wannan don fito? Ai da ka faɗa, da na yi maka kyauta."

Ya yi dariya da bakin nan nasa da ya ɗan karkace. Na shiga kicin na yi kuka kaɗan, na ce albasa ce.

Alhamis, 9 ga Janairu

Da karin safe ya ce abin kunya ne ya miƙa wa Turki mota da kayanta a kwali. A ɗaura su tukuna, sannan a sayar. Ɗanmu Fawaz yana can garin Yanbu wajen aiki, sai wani makon zai zo. Ya kalli hannunsa, ya kalli nawa.

Na ce hannuna na ƙunshi ne, da shi amaren Jidda ke alfahari. Ya ce wadda ke zana fure a kan farce ai ba za ta kasa juya noti ba.

Ni na ɗora buta a kan faifai, ni na jawo wa kaina.

Asabar, 11 ga Janairu

Ya zauna a kujerar roba gaban mota kamar alƙali, sandarsa ce ke nuna min wuri. Mun cire wayar batir, mun cire fanka, mun zare tsofaffin bel biyu da suka tsattsage kamar faso. Na koyi cewa sifana ma suna da girma-girma, kuma duk wadda na ɗauko ba ita ba ce.

"La, la, ƙanwarta. Wadda ke kusa da ita."

Wani noti ya ƙi. Na ja, na yi salati, na ja. Ya ce in zura bututu a bakin sifanar in tsaya a kai. Na tsaya a kai da dukan abin da Allah ya ba ni, noti ya ce ƙas. Karon farko ke nan da nauyina ya yi wa wani amfani a gidan nan.

Da yamma ina da amarya a Aziziyya. Uwarta ta ƙura wa faratana ido, ta ce, "Wannan wane sabon zane ne?" Na ce daga Amurka yake.

Talata, 14 ga Janairu

Yau daidaitawa. Dole faya-fayan uku su tsaya a layi ɗaya, in ba haka ba bel ya zame ya faɗi. Muka ɗora doguwar rula ta ƙarfe a fuskarsu. Na dinamo ya leƙo gaba kaɗan, na famfo ya noƙe. Sai saka sirara-siraran zobba a baya, a gwada, a cire, a sake. Ni aikin ya yi min, irin na ƙunshi ne, ido da haƙuri.

Zobe ɗaya ya suɓuce min zai faɗa ƙarƙashin inji. Ya cafe shi. Da dama.

Bai lura ba, ni kuma na ci gaba da aikina. Yana lura zai fasa.

Juma'a, 17 ga Janairu

Fawaz ya zo. Bayan masallaci muka ci kabsa, muka fita gareji. Saura ɗaure bel.

Abu Fawaz ya yi shekara arba'in a warsha, shagon gyaran mota, yana ɗaure bel, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a zura ƙarfe a bayan dinamo, a danna har bel ya yi tauri kamar tsirkiyar baka. Da ƙarfin damansa aka san shi a Sana'iyya, unguwar makanikai, yara ma kan taru su kalla. Yau sai ya miƙa wa Fawaz ƙarfen, ya kau da kai.

Fawaz kuwa duk kuɗin da yake biya a jim, gidan motsa jiki, ya zuba a ƙarfen nan. "Kifaya, Abuya? Ya isa?" "Ƙara." "Haka?" "Ƙara, ba ka ci abinci ba ne?"

Aka tayar. Wannan ba fito ba ne, ihu ne, kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi. Kuliyoyin layi suka watse. Abu Fawaz ya ce sabo ne, zai lafa. Fawaz ya zaga da ita unguwa, ya sake zagawa, ya hau babban titi. Da ya dawo ruwa na ɗiga a ƙarƙashinta, famfon yana gurnani. Dama tsoho ne, cikinsa ya tafi.

Abu Fawaz ya daɗe yana kallon ruwan nan a ƙasa. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Da hannuna ne da ba haka ba." Ya shige ciki.

Asabar, 18 ga Janairu

Ya koma kujera. Fawaz ya koma Yanbu da fuska kamar shi ya yi laifin. Haushin kowa nake ji, har da Amurka.

Litinin, 20 ga Janairu

Na kwance famfon da kaina, ai na ga yadda ake yi. Na naɗe shi a tsohon zani, na tuƙa ƴar motata zuwa Sana'iyya. Mai shagon kayan gyara ya ce, "Ya khala, wa ya aiko ki?" Na ce ba wanda ya aiko ni, famfon ruwa nake so, mai gajeren wuya, kada ya ba ni mai dogo layin bel ya karkace. Ya gyara tsayuwa. Har shayi ya sa aka kawo min.

Da na ce matar Usta Husaini ce ni, tsofaffi biyu suka taso daga shagon gefe suna tambayar jikinsa. Ɗaya ya ce, "Ki ce masa tun da ya tafi babu mai ɗaure bel a layin nan." Wannan gaisuwar ban isar da ita ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Na buɗe ƙofar da ke tsakanin gareji da falo, na ɗauki guduma, na shiga bugun wani tsohon ƙarfe da ba ruwansa da mota. Ban kai ga gajiya ba na ji sandarsa.

"Me kike kashewa?"

Na ce famfo nake sakawa. Ya ce ba a saka famfo da guduma, Allah ya shirye ki, matsa. Ya jawo kujerar robarsa.

Mai hali ba ya fasa halinsa, alhamdu lillahi. Kafin la'asar famfo ya hau, layi ya daidaita.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na haɗa sabon lalle jiya, kuma ba na shafa wa amarya abin da ban gwada a jikina ba. Don haka da hantsi na zana hannuwana biyu har wuyan hannu. Kowa ya san sai ya yi sa'o'i kafin a taɓa ko da cokali.

Sai ga shi ya leƙo, wai mu sa bel mu tayar, ya ga ko famfon na yoyo, don Turki jibi zai zo. Na ɗaga masa hannuwa. Ya ce yau kika ga damar yin ƙunshi? Na ce sana'a ce.

Wai da gangan na yi? Ban sani ba. Ƙila.

Ya yi tsaki, ya tafi shi kaɗai. Na bi shi hannuwa a sama kamar wadda ƴan sanda suka tare. Ya rataya bel da hagu. Ƙarfen danniya ya fi ƙarfinsa, ya yar. Ya sa tafin damansa a jikin dinamo ya tura, gumi har gemu. Ya tura iya abin da hannun ya yarda, ya ɗaure noti da hagu. Da ya danna bel ɗin da yatsa sai ya lotsa, kusan kaurin yatsan.

"Dubi," in ji shi. "Aikin kunya. Da yarona ne ya yi wannan da na kore shi."

Na ce ai famfo za mu duba, ba bel ba. Ya zura hagu ta taga ya murɗa makulli.

Gwaggo ta yi tari, ta kama. Sai ga shi, siriri, mai tsabta, yana hawa yana sauka da numfashin inji. Fito. Bel na gudu a tsakiyar faifai, ko gezau. Ƙasa a bushe.

Ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa guɗa ta kuɓuce min, na tafa, na ɓata zanen gaba ɗaya. Yanzu tafukana kamar na dafa tukunya. Ko a jikina.

Asabar, 25 ga Janairu

Turki ya zo da motar ɗaukar mota. Ya gaishe mu, ya sumbaci kan Abu Fawaz, ya buɗe gaban Gwaggo. Ya danna bel ɗin, ya ɗan murɗa shi.

"Ma sha Allah. Wa ya ɗaure, ya ammi?"

Abu Fawaz ya sunkuyar da kai, yana jiran a yi masa dariya.

Turki ya ce daidai yake, kamar da ma'auni. Wai mai haƙora ba a matse shi, haƙoran ne ke riƙewa, kuma ƙarfe na kumbura in inji ya yi zafi, bel ya ƙara tauri da kansa. "Rabin shabab ɗinmu, samarin nan, sun kashe famfo saboda ƙarfin hannu. Amma usta usta ne, gwani ba ya ɓuya."

Sai na ji mijina ya gyara murya ya ce, "Ai abin sai da lissafi." Lissafi! Na cusa gefen mayafi a baki. Da muka haɗa ido ya kasa riƙewa, muka yi ta dariya, Turki na kallonmu bai san dalili ba. Daga baya ya gaya masa gaskiya, har ya ɗaga masa hannun ya gani.

Da aka zo maganar ɗauka, Abu Fawaz ya ce, "Ka tambayi khalarka, ita ta daɗe tana son garejinta." Na ce ai ba a sayar da mota ba a gwada ta a titi ba, ya dawo wani makon. Motar ɗaukar mota ta koma wayam.

Juma'a, 31 ga Janairu

Bayan la'asar muka fita Kornish, titin bakin teku. Ni ke tuƙi, likita bai sake shi ba tukuna. Sitiyarin Gwaggo nauyi kamar turmi, amma da na taka ta a miƙaƙƙen titi fiton nan ya tashi, samari a wata mota suka sauke gilashi suna ɗaga mana yatsa. Abu Fawaz ya ɗaga musu hannu. Na dama. A gefen cinyarsa ga ƙwallon robar nan, ban san yaushe ya ɗauko ta ba.

Muna cin balila, dafaffen waken nan, a bakin teku Turki ya kira wayata. Na ce masa ya yi haƙuri, motarmu ba ta sayarwa ba ce. Abu Fawaz ya daina tauna.

"Motar wa?"

Na ce ya ci balilarsa kafin ta huce.

Ba wai son ta nake ba. Man da take sha ya isa a yi wa unguwa girki, ga garejina har yanzu ba nawa ba. Kawai dai na ji wani ɗan kaɗawa a gefen dama in na taka birki, kuma ba a miƙa wa ɗan mutane mota a haka. Abu Fawaz ya ce gobe zai nuna min yadda ake cire taya, shi zai riƙe sifana. Na ɗaga amaryar safe zuwa yamma.