Allurar da Kuka Bari a Haƙorina

Zuwa ga Likita, shugaban asibitin haƙori da ke Gyadi-Gyadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce Binta ta Unguwar Gano, wadda ka kashe wa jijiyar haƙori a daminar da sojoji suka miƙa mulki. Na yi ta sintiri asibitinka, kullum sai a ce ka fita. Tunda an ce yanzu talaka ma yana da baki, bari in yi maganata a bainar jama'a.

Na ɗaya. Ranar aikin ina kwance ina kallon farantin kayanku. Siraran alluran nan masu murɗi da kuke rarake tushen haƙori da su, kawunan wasu sun koɗe saboda yawan dafawa, ɗaya kuma ta lanƙwashe, a gabana aka miƙe ta da yatsa. Kana cikin aiki na ji wani ɗan sauti, ƙis, can cikin ƙashin kaina. Ka tsaya. Ka ɗaga allurar a fitila, ka kalli ma'aikaciyarka, ita ma ta kalle ka. Ka cike haƙorin ka sallame ni.

Na biyu. Haƙorin da ka ce ya mutu bai kwanta ba. Bakina ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, in na yi sujada sai in ji kamar ana ƙwanƙwasa shi daga ciki. Da kumatuna ya kumbura muka je wani asibiti a Tarauni ni da mahaifiyata. Mai ɗaukar hoto ya ɗaga hoton a haske ya ce akwai allura a ciki. Likita, kai Bahaushe ne, ka san abin da allura a jikin mutum take nufi a gidajenmu: jifa. Kafin likitan can ya gama bayani, mahaifiyata ta fice tana salati.

Bayaninsa kuwa a fili yake. Ya nuna mini irin allurar a madubin ƙara girma, murɗinta ya warware, jikinta duk tsaga. Ya ce wadda ta gaji haka shara ake kai ta, ba bakin mutum ba, domin karyewa take yi. Na faɗa a gida har bakina ya bushe, aka ce ai boko ba ya ganin irin wannan aiki.

Na uku, kuma shi ya sa na rubuto. Zargin ya faɗa kan Gwaggo Asabe ta Darmanawa, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni. Laifinta kawai tana ɗinkin hula, kullum da allura soke a ɗankwalinta. Yanzu in ta aika da tuwo, kwanon a rufe yake dawowa. Da ta fito tsakar gidan da take zaune, sai matan gidan su watse. Ciwo ya kwantar da ita, in na je dubiya sai ta kalli kumatuna ta juya fuska bango. Wallahi wannan ya fi zogin haƙorin ci mini rai.

Buƙatata biyu. Ka zubar da gajiyayyun alluran nan kafin su shiga wani gidan. Sannan ka tako da ƙafarka Darmanawa, ka faɗa a gaban dangina cewa allurar taka ce, a hannunka ta karye. Maganarka kaɗai za su ji. Kada ka yi jinkiri, Likita. Jikin Gwaggo ya yi nisa, kuma matan gidan sun riga sun ce in ta cika ba wadda za ta yi mata wanka.

Allah Ya tsare hannunka, Ya ba ka ikon faɗin gaskiya.

Wassalam,
Binta, Unguwar Gano