Kun Dawo da Lawali a Fim, Mu Bai Dawo Mana Ba

Zuwa ga Alhajin da ya shirya fim ɗin da aka ɗauka a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Lambara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka, ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta wannan wasiƙa har ƙarshe. Na nemi in same ka a asirce, na aika ta bakin direban da ya kawo ku, na aika ta bakin mai tura finafinai a waya a nan Bodinga, shiru kake ji. Shi ya sa na fito fili. Ba zan ambaci sunanka ba, ba kuma zan ambaci sunan fim ɗin ba, don ba ni da niyyar yi masa talla. Kai ka san kanka.

Ni ƙanwar Lawali ce. Ina aure a Bodinga, amma a gidan nan da kuka nuna wa duniya aka haife ni. Lawali shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarmu, Inna, kuma manomin albasa ne. Wata shekara ya bi motar albasa zuwa kudu kamar yadda ya saba, rikici ya tashi a kasuwar da suka sauka, kowa ya yi ta kansa. Abokan tafiyarsa sun dawo ɗaya bayan ɗaya, shi bai dawo ba. An je an duba asibitoci, an duba wurin 'yan sanda, ba shi ba gawarsa. Ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya biyu. Rabi ta zauna a ɗakinta ta jira shekara huɗu kamar yadda shari'a ta ce, sannan alƙali ya saurari shaidu ya yanke hukunci, ta yi takaba. Aka yi masa addu'a, aka raba gumba, muka rungumi ƙaddara. Ba mu manta ba, amma mun fara iya cin abinci.

Ga abin da nake tuhumarka da shi.

Na farko, yadda kuka sami labarin. Da rani kuka zo, lokacin da fadama ta yi kore shar, kuka ce kuna son ɗaukar gonakin albasa da rumbunanta. Mai gari ya sauke ku a zaurenmu saboda inuwar bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida. Inna ta yi ta aiko muku da fura. Wata daga cikin matan da kuka zo da su ta shiga ciki yin salla, ta ga ɗaki a rufe, ta tambaya, tsohuwa kuwa ta ga baƙuwa mai ladabi ta zazzage mata cikinta. Mu mutanen ƙauye haka muke, wanda ya sha furarmu ya zama na gida. Inna ta ba da labarin ne don a taya ta jimami, ba ta san a kasuwa za a baza shi ba. Daga baya kuka nemi izinin ɗaukar ƙofar gida, aka ba ku hannu bibbiyu. Ba wanda ya ce mana fim ɗin albasa ya koma fim ɗin Lawali.

Na biyu, abin da kuka saka a ciki. Na kalle shi, ranka ya daɗe, kuma sai da na ajiye wayar sau da yawa kafin in kai ƙarshe. Kun canza sunan mutumin, wannan kaɗai kuka canza. Motar albasa tana nan, rikicin kasuwa yana nan, 'ya'ya biyu suna nan, har maganar da ya yi wa Inna da safen da zai tafi, cewa in ya dawo zai sake mata rufin ɗaki kafin damina. Wannan magana ba wanda ya san ta sai mu na cikin gida. Duk wanda ya taɓa ratsawa ta ƙauyenmu yana ganin katangar nan da bishiyar nan ya san gidan wa ake nufi.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni, yadda kuka ƙare shi. A fim ɗinku, an taru za a ɗaura wa matar aure da wani, sai ga mutumin ya ɓullo daga kan hanya, a rame, yana ɗingishi. Aka watse da ɗaurin aure, aka kaure da guɗa, uwa ta fito a guje ta rungume shi tana kiran sunansa, aka saka waƙa. Na ji mutanen birni suna yabonku, wai fim ne mai daɗin ƙarshe, wai sun yi kukan farin ciki. To madalla da su. Ni mai kallon fim ce tun ina budurwa, na ga waɗanda ake mutuwa a ciki, na ga na marayu, na yi kukana na share hawaye na tashi na ɗora tukunya. Ban taɓa ganin fim mai tayar da hankali kamar wannan naku da ya ƙare da kiɗa ba.

Wata maƙwabciya ce ta kawo wa Inna shi a waya, da murnarta, wai gidanku ya fito a fim. Kada ka ɗauka Inna ba ta da wayo, ta san wasa ne, ta san wancan yaron ba ɗanta ba ne. Lissafinta daban ne, kuma har yau na kasa rushe shi. Abin da ta ce mini shi ne: “Abin da nig gaya musu duk sun sa shi daidai. Ni ban hwaɗa musu ya komo ba, to wa yah hwaɗa musu? Mutanen ga su ka yawon duniya, sun jiya wani wuri na.” A wurinta, tunda farkon gaskiya ne, tsakiyar gaskiya ce, ƙarshen ma labari ne da kuka samo kuka isar mata ta hanyarku. Na yi bayani har bakina ya gaji. Limamin gari ya yi. Sai ta yi murmushi kawai, irin na wadda ta san abin da ba ku sani ba.

Akwai abin da ba ku sani ba game da uwa irin tamu, da kun tambaya da an gaya muku. Lawali ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, saboda kunya. “Yaron ga” take cewa. Ba ta taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, ranar da aka yi masa addu'a ma ba wanda ya ga hawayenta. Sai ga shi kun nuna mata wata uwa a ƙofar gidanta tana yin duk abin da ita ta haɗiye tsawon rayuwarta. Wurin nan na fim ɗin take sa a maimaita mata. Ta buɗe ɗakinsa ta sa an share, ta shanya tabarmarsa, da yamma kuma ta kan ja kujera ta zauna daga cikin zaure inda take hango hanya. Tsohuwar da na sani da ƙarfin zuciya ke nan, wallahi ganin ta haka yana karya ni.

Na huɗu, Rabi. Ita ce dalilin wannan wasiƙa. Bayan ta fita takaba, wani malamin allo a nan Bodinga, Malam Sahabi, wanda matarsa ta rasu, ya fito neman aurenta. Mutum ne mai natsuwa, ya yarda zai riƙe yaran biyu tare da nasa. Inna da kanta ta sa albarka a lokacin, har ta ce Rabi ta yi haƙurin da ba kowace mace za ta yi ba. An tsayar da magana za a ɗaura kafin azumi. Sai fim ɗinku ya iso.

Yanzu Inna ta ce a dakata, a ƙara ko damina ɗaya. Mahaifin Rabi ɗan'uwan Inna ne, auren zumunci aka yi tun farko, shi kuwa ya ce: “Ba ni ɗamra armen ga bisa hawayen tsohuwa.” Ban ga laifinsa ba. Shari'a ta sake Rabi, amma a garinmu takardar alƙali ba ta isa ta sa mutum ya tsallake 'yar'uwarsa tana kuka ba. Ga kuma bakin mutane. A fim ɗinku kun yi manemin matar mugu mai kwaɗayin gonar wani, kun yi matar da ta jira ita ce ta kirki. Yau in Rabi ta je niƙa sai mata su yi ta zunɗe, ana cewa waccan ta fim ta fi ta amana. Malam Sahabi, mutumin da ko gonar Lawali bai san inda take ba, samari suna kiran sa da sunan mugun nan naku in ya wuce a kan babur. Danginsa sun aiko cewa in azumi ya kama ba a ɗaura ba, a bar maganar, ɗansu ba zai zama abin dariya ba.

Na je na sami Rabi tana tankaɗe, na tambaye ta abin da take so, sai ta ce duk abin da Inna ta ce shi ke nan. Ta rame. Yarinyar nan ta shigo gidanmu da ƙuruciyarta, ta ƙarar da mafi kyawun shekarunta tana sauraron ƙarar kowace mota da ta tsaya a bakin hanya. Da ƙyar ta daina. Ku kuka mayar da ita, kuma wannan jiran ba shi da wa'adi, don ba alƙalin da zai yanke shi. In wannan aure ya lalace, ban ga wanda zai sake fitowa ba, kowa zai ce mijinta yana hanya.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce alheri kuka nufa, mutane sun gaji da baƙin ciki, fim mai ƙarewa da kuka ba ya shiga kasuwa. Na yarda ba ku yi don ku cuce mu ba. Amma ku kun naɗe kyamararku kun hau mota kun tafi, mu kuka bari da ƙarshen da kuka ƙirƙira. Da a wani gari kuka ɗauka, da wata ƙofa, da Inna ta kalla ta ce Allah sarki ta wuce. Da kuma kun bar shi yadda yake, mutumin bai dawo ba, matar ta yi aurenta cikin mutunci, da mun yi kuka na yini ɗaya mun gode muku.

Ga roƙona, kuma ba kuɗi a ciki, ko ka aiko ba za mu karɓa ba.

Ina roƙon ka fito ka faɗa da bakinka, a duk inda kuke tallan fim ɗin, cewa dawowar nan ƙirƙira ce, ba ku da labarin kowa, kuma manemin da kuka nuna ba shi da alaƙa da wani mai rai. Ina roƙon nan gaba in tsohuwa ta ba ku labarin cikinta, ku tambayi 'ya'yanta kafin ku taɓa shi.

Babban roƙon shi ne ka zo da kanka kafin azumi. Ka zo da matar nan da ta shiga yin salla, don ita Inna ta yarda da ita, ka zo da yaron da ya fito a matsayin yayana, cikin kayansa na gida, yana tafiya da ƙafafunsa lafiya lau. Ku zauna a gabanta ku gaya mata cewa ba ku ji komai a ko'ina ba, ku kuka zauna kuka tsara. Mu ta ƙi jin namu, naku kaɗai za ta ji. Na san abin da nake roƙo, Alhaji. Ina roƙon a zo a karɓe wa mahaifiyata ɗanta a karo na biyu, ina tsaye ina kallo, kuma ni ce zan riƙe ta in ta faɗi. Na auna wannan da rayuwar Rabi, na zaɓa, ban kuma zaɓa da daɗin rai ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare maka zuriya, ya dawo da duk naka da ya fita gida lafiya. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka durƙusa a gaban mahaifiyarka kana roƙonta ta daina jiran ɗanta.

Wassalam.

Ƙanwar Lawali,
daga Bodinga.