Ranar da Aka Auna Ni Tare da Benci

Zuwa ga maigidana mai ƙaton kai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma bai tanƙwara maka baya ba a can inda ka tafi ka bar ni. Barka da samun ƙaruwa. An ce mace ce, an ce kuma ta ɗebo kunnuwanka, Allah ya ba ta haƙuri.

Na ɗauki biro ne don a waya kullum cikin sauri kake. Gwaggonka ta isar mini da saƙonka, wai kada in je gidanka, kada in taɓa jaririyar sai bayan wata uku, saboda allurar da aka yi mini a asibiti. Ni da na goya ubanka, na goya ka, yau ni ce abin gudu.

Bari ka ji yadda aka yi, tunda labarin ƙanzon kurege aka ba ka. Ciwon bayan nan ne ya sa likita ya tura ni hoton ƙashi. Wata ma'aikaciya mai wushirya ta yi mini allura a hannu, na zauna awa uku ina ɗirkar ruwa, sannan aka kwantar da ni, wata ƙatuwar na'ura tana bina daga kai zuwa ƙafa. Ta ce a cikin allurar akwai wani haske da ido ba ya gani, shi na'urar ke kamawa. Ta ce in nisanci jarirai da masu ciki na kwana ɗaya. Kwana ɗaya, maigida. A bakin gwaggonka ya zama sati, da ya iso wurinka ya haifi wata uku. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, har yanzu kofina daban take ajiye mini a kan taga.

Ban yarda ba. Zan koma asibitin da ƙafata.

Ka gaida mai jego.
Uwargidanka da ka guje wa,
Kakarka

*

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fatan kai da kunnuwanka kuna lafiya.

Na je. Mai gadi ya ce ba ni da takardar ganin likita, na ce ba magani na zo nema ba, awo na zo. Na zauna a bencin ƙofar ɗakin hoto, na ce ba zan tashi ba. Da mai wushiryar ta fito, na zayyana mata komai. Ba ta yi dariya ba sai da na kai kan kofin.

Ta ɗauko wani abu kamar ƙaramin rediyo mai sanda. Tana kunna shi, tun kafin ta matso kusa da ni, ya fara ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ba zan ɓoye maka ba. Duk cika bakin da nake yi, ni ma na fara tunanin ko kuna da gaskiya. Ta bi jikina da sandar, wuya, baya, gwiwa. Ta bi nata jikin. Na ce ta auna bencin ma, kada a yi son kai. Lamba kusan ɗaya muka samu mu uku. Jikin bango ma ya ɗan fi ni.

Ta ce wannan ƙas-ƙas ɗin na kowa ne, daga ƙasa yake fitowa, da duwatsu, da sama, har a jikin ɗan Adam akwai ɗan kaɗan tun haihuwa. To kai ma kana da shi, likitan waya. Hasken hoton ƙirji kuma, ana kashe na'ura ya wuce, ba ya bin mutum gida. Nawa na allura duk awa shida rabinsa ke mutuwa, wani kuma ya bi fitsari. Ta nuna mini ɗan abin da ke maƙale a ƙirjin rigarta, bai kai kwalin ashana ba, shi ke tara lissafin abin da ya taɓa ta a wurin aiki, ana kai shi a duba. Shekararta tara a ɗakin, 'ya'yanta uku, kuma da hannunta take musu wanka. Ta rubuta mini takarda, ta sa hannu.

Akwai abin da na hana gwaggonka gaya maka. Hoton ya fito. Sun ga tabo a ƙashin baya da na ƙugu, likita kuma ya daɗe yana juya biro kafin ya yi magana. Na fahimci ciwon daji yake nufi, karatuna ya kai nan. Saboda haka wata ukun nan naka ba ni da tabbacin ina da su a aljihu. Ranar Asabar zan je gidanka. Sanar da kai nake yi, ba izini nake nema ba.

Taka har kullum,
Kakarka

*

Angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga kiranka har sau bakwai, na ƙi ɗauka, don ba na son jin kukan ƙato.

Na je ranar Asabar. Matarka ta buɗe ƙofa ta tsaya a tsakiya, ga kunyata ga umarninka, baiwar Allah har zufa take. Ban tura ta ba. Na zauna a kan matakala, na miƙa mata takardar. Ta karanta sau biyu, ta shige ciki. Na zaci shi ke nan. Ina lalubar sandata sai ga ta da yarinyar a cikin tawul, ta durƙusa ta ɗora mini a cinya.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki, ta yi hamma, ta jiƙa mini zane. Maganar kunnuwan gaskiya ce. Na zauna da ita har ƙafata ta yi sanyi, ban ji bayan ba sam. Na gaya mata duk ɓarnar da ka yi kana yaro, don ta san da wa take zaune.

Sati mai zuwa za su fara gasa mini wurin ciwon da na'ura. Na riga na tambaya, irin wanda ba ya bin mutum gida ne. Ka rubuta ka ajiye kafin ka yanka mini wasu watannin. Duk Asabar ina nan zuwa, muddin ƙafa na ɗaukata.

Kada ka kuskura ka yi wa matarka faɗa. In faɗan kake ji, ga ni, ka zo ka yi da ni ido da ido. Amma ka zo da wuri.

Matarka ta fari,
Kakarka