Sunana a Bakin Aku

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina da rai ma ƙanwata Zulai za ki miƙa wa, kina tsayar da ita a kowane layi kina cewa ta maimaita. Yau babu mai karantawa, amma maganar ta cika min ciki, kuma a nan Ingila ba ni da wanda zan yi wa ita ya gane.

Wata biyar ke nan da tafiyarki. Gida lafiya. Zulai da mijinta sun dawo Fagge, suna ɓangaren Baba, don kada gidan ya zauna babu kowa. Rufin kicin ɗin nan da kika yi ta mita a kansa an gyara shi kafin ruwan farko. Ni kuma ina nan asibitin da kika sani, ina ta juya tsofaffin mutane a kan gado, ni da ban samu na juya tawa uwar ko sau ɗaya ba.

Maganar Baƙo ce ta sa na ɗauki biro. Akunki, wanda Baba ya zo miki da shi daga kudu lokacin yana aiki a tashar jirgin ƙasa, shekarar da soja suka koma bariki. Kika sa masa Baƙo, wai ba zai daɗe ba. Ga shi Baba ya tafi ya bar shi, ke ma kin tafi kin bar shi.

Kwana goma bayan rasuwarki muna waya da Zulai da hantsi, ina tsaye ina jiran bas, sai na ji muryarki a bayanta. Ke ce sak, har da jan nan da kike yi a ƙarshen magana. Kika ce Jamilu. Wallahi Inna, sai da na zauna a kan dakalin tashar. Zulai ta fashe da kuka ta ce ai Baƙo ne.

Shekarata talatin da takwas ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ne ɗan fari, kunya ba ta bar ki ba. Ni ne wancan, ni ne yayanku, ranar da na ɓata miki rai kuwa mai kunnen ƙashi. Ranar da za a sa ni makaranta ma maƙwabciya kika ja ta je ta faɗa wa malami sunan. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na ga ana yi. To amma aku ba ya ƙirƙirar magana, abin da ya ji ana nanatawa shi yake ɗauka. Ashe idan gida ya yi shiru kina zama ki faɗa? Sau nawa kika faɗa kafin ya iya? Me kike cewa bayan sunan, addu'a ko faɗa?

Tun daga ranar bai ƙara ba. Ya daina magana gaba ɗaya, ya rage cin abinci, ya shiga tsige gashin ƙirjinsa. Na sa Zulai ta riƙa ajiye waya kusa da kejinsa ko za a dace a naɗi muryar, amma kin san halinsa, da ya ga waya sai ya juya mata baya. Na tsorata, Inna. Idan ya mutu, wurin da ya rage a duniya da kike kiran sunana ya tafi ke nan.

Sai na yi abin da na iya. Kin tuna kantin nan na intanet da ke Legas, mai sayar da kayan dabbobin gida? Na koma kansa kamar mahaukaci. Lokacin hutun rana abokan aiki suna cin abinci, ni ina duƙe a kan waya ina karanta abin da wasu masu aku suka rubuta, ina danne-danne. Na yi odar maganin ƙarin kuzari da ake ɗigawa a ruwa. Na sayi sabon keji mai faɗi, da lilo, da wani dutse wai na wasa baki. Mai babur ya yi ta sallama a ƙofar gidanmu har maƙwabta suka fara tambayar Zulai ko kanti za ta buɗe. Baƙo ko kallon kayan bai yi ba.

Bari in koma baya, don a can laifina yake. Shekara uku da suka wuce ne na gano kantin nan. Kafin nan kowace Laraba kina yafa mayafi ki taka daga Fagge har kasuwar Sabon Gari, wai sayen gyaɗar Baƙo. Mudu ɗaya tak, amma ya ɗauke ki daga hantsi har azahar. Ni daga nan abin da nake hangowa rana ce, da cunkoson adaidaita, da gwiwarki mai ciwo. Na ce haba, ina ƙasar waje uwata tana yawon neman abincin tsuntsu? Na zaɓi wani abinci mai launi-launi a leda, wai an auna masa komai da komai, na saita shi ya riƙa zuwa kowane wata ba sai an tuna ba. Na kira ki ina ta washe baki, na ce daga yau ki huta. Kika ce Allah Ya yi albarka. Har nuna wa abokan aikina na yi, ina fankama.

Wata guda da ya wuce Alhaja Sikiratu ta zo gidan. Ƙawarki mai gyaɗa, Bayarabiyar nan haihuwar Sabon Gari da ta fi mu iya zagi da Hausa. Sai a lokacin ta ji rasuwarki, a bakin wata mai sayen dawa. Zulai ta ce ta shigo tana kuka tana faɗa, wai a ce ƙawarta ta rasu wata huɗu babu wanda ya taka ya gaya mata. Mu kuwa ko tunawa da ita ba mu yi ba, saboda shekara uku babu abin da ya haɗa ku.

Da ta gama kukan ta ga Baƙo, sai ta ja kujera ta zauna gaban kejin, ta kwance ƙullin gyaɗar da ta zo da shi. Ta ɓare ɗaya ta jefa a bakinta, ta ɓare ɗaya ta miƙa masa, tana yi masa surutu kamar yadda ake yi wa jika. Inna, ya karɓa. Ya ci har goma sha. Ta ce wa Zulai ai aku ba ya cin abinci shi kaɗai, kuma ke ma haka kike yi masa, ɗaya ke ɗaya shi. Wannan babu wanda ya rubuta shi a bayan leda.

Ita ce ta ba Zulai labarin Larabarki. Ashe benci gare ki a rumfarta. A nan kike zama ku ɓare gyaɗa, ku yi gulmar duniya, ku ci ɗanwake, ta raka ki bakin titi. Ranar ƙarshe kika ce mata yaron nan ya hutar da ke, ba za ki ƙara zuwa ba. Ta ce kina dariya kika faɗa, amma kin daɗe a bencin kafin ki tashi.

Me ya hana ki gaya min? Na san amsar. Ɗa ya yi abin kirki daga nesa, ba za ki ce masa ya bari ba. Kuma tun da Baba ya rasu ba ki saba fita babu dalili ba, gyaɗar ce dalilinki, ni kuma na ɗauke ta da danna waya. Shekara uku kina zaune daga ke sai tsuntsu. Ina jin a nan ne ya koyi sunana. Ki yafe min, Inna. Gata na so in yi miki.

Alhaja ta roƙi a ba ta shi. Ta ce Zulai tana makaranta, mijinta yana aiki, gidan wuni yake yi babu motsi, a haka ba zai kai sallah ba. A rumfarta kuwa akwai mutane daga safe har yamma. Zulai ta ce magana tana hannuna.

Sati biyu ina jan ƙafa. Na san abin da kasuwa za ta yi masa. Zai koyi cinikin masu awo, da hon ɗin adaidaita, da gaisuwar Yarbanci, muryarki ta yi ta nutsewa a ƙarƙashinsu. Son kai ya sa har na ƙara yin odar madubi, wai ko zai ɗauka ya samu abokin zama. Da Zulai ta turo min hotonsa, ƙirji duk a tsige, ya takure a lungun sabon kejin, na ji kunyar kaina. Amana kika bar mana, ni kuma na mayar da shi rediyo ina jiran ya kama.

Ranar Asabar aka kai shi, a tsohon kejinsa. Na shiga kantin na soke odar wata-wata. Suka tambaye ni dalili, wai dabbar ta mutu ne, ko kayan sun yi tsada, ko na canza kanti. Na daɗe ina kallon wayar, na rufe ba tare da na zaɓi ko ɗaya ba.

Yana cin abinci yanzu. Jiya an ce har ya yi wa wani mai dako fito. Sunan dai bai faɗa ba tukuna. Idan wata rana ya faɗe shi a tsakiyar kasuwa, a gaban jama'a, asirinki ya tonu ke nan, sai ki yi haƙuri da mu. Ni ina nesa, ba zan ji ba. Amma na roƙi Alhaja alfarma ɗaya, ta kuma yi min alkawari: duk ranar da kika kira, ta amsa a madadina.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Sai mun zo.

Ɗanki na fari,
Jamilu